Abin da Gangara Ke Koya wa Ƙungiyoyinmu na Gama Kai

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka ɗaure dammunan gero, ƙungiyoyinmu na gama kai sukan kira babban taro. Ma'aji ya buɗe littafi, ya karanta sunayen waɗanda suka biya bashin taki da iri, sa'an nan ya karanta na waɗanda ba su biya ba. Daga nan sai surutu ya tashi. Wani ya ce lalaci ne. Wani ya ce ai da idonsa ya ga mutumin yana sayen kayan ɗakin 'yarsa. Wani kuma ya ce a je a kama akuyarsa. Sau da yawa akan tashi taron da ɓacin rai, har ran Lahadi a ga 'yan'uwa biyu sun ƙi zama kan benci ɗaya a majami'a.

Ba mu ce babu malalata a cikinmu ba, ba mu kuma ce babu masu cin amana ba. Akwai su, kuma sun kashe ƙungiyoyi da dama. Amma ra'ayinmu a wannan fitowa shi ne, yawancin dokokin ƙungiyoyinmu an rubuta su sai ka ce duk abin da ke kashe sana'a daga cikin gida yake fitowa. Mun ɗauka ruwa zai sauka a kan kari, hanya za ta zauna a buɗe, kasuwa za ta ci, naira kuma za ta tsaya inda muka bar ta. Duka huɗun nan kuwa babu wanda ke hannunmu. Dokar da aka rubuta domin shekarar albarka kaɗai, ran da mugunyar shekara ta zo, ita ce za ta fara raba kan 'yan ƙungiya. Saboda haka muna kira ga kowace ƙungiya ta zauna ta gyara dokarta tun ana zaune lafiya. Domin a ga dalilinmu, bari mu duba abin da ya sami wani gari guda.

Ina ne Gangara?

Gangara gari ne a ƙaramar hukumar Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, cikin tsohuwar ƙasar Gobir. Ƙasar Isa tana kudu, iyakar Nijar kuwa ba nisa. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir wanda ya faɗi a 1808, yana cikin wannan yanki. Bayan faɗuwarsa Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya waɗansunsu suka komo suka kafa Sabon Birni. Watau tun kafin Ingila da Faransa su ja iyaka a farkon ƙarni na 20, dangi ɗaya ne a ɓangarorin biyu, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya.

Mutanen wurin manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. A tudu suna noma gero da dawa da wake. A fadamar gulbin Rima suna yin shinkafa da albasa da sauran kayan lambu. Suna kiwon shanu da tumaki da jar akuyan nan wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai. Suna cin kasuwannin Sabon Birni da Isa da Shinkafi da Goronyo, suna kuma ƙetarawa Maraɗi.

Kusan dukansu Musulmi ne, yawancin ƙungiyoyinmu kuwa ba a can suke ba. Abin da ya sa muka zaɓi Gangara shi ne, duk abubuwan da ke zuwa daga waje su karya sana'ar manomi, a can suka taru wuri ɗaya, cikin 'yan shekaru kaɗan. Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na fari: sama

Wannan kowa ya san shi, ba sai mun daɗe a kansa ba. Dattawanmu suna tune da farin 1972 zuwa 1974, sa'ad da dabbobi suka mutu birjik. A 1975 cutar da darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar ƙasar Hausa, dalar gyaɗa ta Kano kuwa ba ta sake komawa yadda take ba. A 1984 fari ya sake dawowa. A watan Satumba 2010 kuma abin ya juya, ruwa ya yi yawa, gulbin Rima ya yi ambaliya, ya kwashe gonaki da gidaje a ƙauyukan bakinsa. Manomin da ya yi noma uku, ya zuba taki a kan kari, da wanda ya kwana a inuwa, ambaliya ba ta bambanta gonakinsu ba.

Na biyu: iyaka

Ga mutumin Gangara iyaka kamar ƙofar gida take. Amma mabuɗin ƙofar yana Abuja da Yamai. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa, ta kuma canja launin takardun naira cikin 'yan kwanaki. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986. Wanda canjin ya same shi da naira a ƙetare, kuɗinsa ya zama takarda. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, lissafin kowane mai fataucin dabbobi da hatsi ya birkice.

A zamaninmu kuma abin ya maimaitu. An rufe iyaka daga Agusta 2019 har Disamba 2020 domin hana shigo da shinkafa ta ɓarauniyar hanya. A Nuwamba 2019 hukumar kwastan ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An yi dokar domin 'yan fasa-ƙwauri, amma mai injin ban ruwa da mai injin niƙa da ɗan acaɓa su ma sun sha dukanta. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ta daga wajen Nijeriya ba sai Maris 2024. A Oktoba 2024 kuma Nijar ta hana fitar da hatsinta, a Mayu 2025 ta hana fitar da dabbobi ana gab da Babbar Salla.

Ku lura da abu guda. Rufe iyaka ba ya dukan kowa daidai. Mai noman shinkafa ya ji daɗin rufewar 2019, gama shinkafarsa ta yi daraja. Mai albasa da mai sayar da dabbobi kuwa sun yi kuka. A cikin ƙungiya ɗaya ana iya samun su duka biyu, kuma ba wanda ya fi wani ƙwazo. Sa hannun wani mutum a ofishi mai nisa ne ya ɗaga wannan ya kā da wancan.

Na uku: kuɗi da mai da taki

A Fabrairu 2022 yaƙi ya tashi tsakanin Rasha da Yukiren. Manomin Gobir ba ruwansa da rigimar, amma ƙasashen nan suna cikin manyan masu sayar wa duniya taki da alkama, sai ga kuɗin buhun takin zamani ya yi sama a kasuwanninmu.

A Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ba da sanarwar canja takardun naira 200 da 500 da 1,000. Da farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa. Wanda ya ajiye tsofaffin kuɗi a gida, aka ƙi karɓa a hannunsa. Wanda ya kai nasa banki, ya kasa fitar da su. A ƙauyukan da babu banki, manoma suka karyar da hatsi da dabbobi ga duk wanda ya zo da tsaba a hannu. Sai ran 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin, amma a lokacin wanda zai yi asara ya riga ya yi.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin mako guda, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A Yuni 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Ƙungiyar da ta ba da rancen naira dubu ɗari kafin wannan, aka kuma biya ta daidai ba ko kwabo da ya yi ciwon kai, ta tarar kuɗin ba ya sayen takin da ya saya bara. Littafi ya nuna babu asara, sito kuwa ya nuna akwai.

Sa'an nan abin ya sake juyawa. A Yuli 2024 gwamnati ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da waɗansu kayan abinci na ɗan lokaci, domin sauƙaƙa wa mutanen birni. A 2025 farashin hatsi ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba, manoma a duk faɗin Arewa suka yi ta kuka. Wanda ya ci bashi ya zuba taki sa'ad da masara ke da tsada, ya zo biya sa'ad da ta yi araha.

Na huɗu: bindiga

Wannan shi ne mafi muni. A shekarar 2020, 'yan bindiga suka auka wa Gangara suka kashe mutane wajen ashirin. Ran 27 ga Mayu na shekarar suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, duk a ƙasar Sabon Birni. Dubban mutane suka ƙetara Nijar, suka zauna a ƙasar Gidan Rumji da sauran wurare a jihar Maraɗi.

A 2021 suka koma kan kasuwanni da hanyoyi. A Oktoba suka buɗe wuta a kasuwar Unguwar Lalle, ran 17 ga watan kuma a kasuwar Goronyo, inda fiye da mutum 40 suka mutu. A Disamba suka ƙona motar matafiya da mutanen da ke cikinta kusa da Gidan Bawa. A Nuwamba na shekarar mutanen yankin suka shaida wa 'yan jarida cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu masu gari a Gangara da Makwaruwa, ko da yake hukuma ta musa. Abin da ya zama sananne ga kowa shi ne harajin da suka riƙa ɗora wa ƙauyuka: a biya kafin a shiga gona, a sake biya kafin a kwashe amfani. A 2024 suka kama Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, suka kashe shi a watan Agusta. In har sarki bai tsira a hanya ba, ina ga mai buhun albasa?

Har wa yau akwai abin da ya kamata mu duba da kyau. A Satumba 2021 Gwamnatin Jihar Sakkwato ta ɗauki matakai domin ta toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da mai da labari. Ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona. Ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni. Ta hana sayar da fetur a jarka. Aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14. Gwamnati tana da dalilinta, ba mu musa ba. Amma ku duba yadda abin ya sauka a kan talaka. Ragon da ya yi wata shida yana turkawa domin ya biya bashi, babu kasuwar da zai kai shi. Injin ban ruwansa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa, sai an kawo masa a jarka. Ɗansa da ke ci-rani a Legas ba shi da hanyar kiransa, balle ya aiko masa da kuɗi ta waya. Cuta ta dake shi, magani ma ya dake shi.

To, a ce mutumin nan ɗan ƙungiyarku ne, ya karɓi buhu biyu na taki da bazara, kaka ta yi bai kawo kome ba. Me dokarku ta ce a yi masa? In abin da ta ce shi ne a karanta sunansa a gaban jama'a, a ƙara masa ruwa, a kama akuyarsa, to, dokar ta zama ɗan bindiga na biyu. In kuwa ba ta ce kome ba, sai a bar wa shugaba da ma'aji su yanke yadda suka ga dama, nan ne kuwa zargi da son kai ke shigowa.

Kada wani ya ce ai wannan labarin Gobir ne. 'Yan'uwanmu na kudancin Katsina da Zamfara da Birnin Gwari da kudancin Kaduna da Zuru da Filato da Borno sun san irinsa. Waɗanda kuma Allah ya tsare su daga bindiga, canjin kuɗi da tsadar mai da faɗuwar farashi ba su tsallake su ba.

Abin da muke ba da shawara

Ba za mu iya hana fari ba, ba za mu iya buɗe iyaka ba. Amma muna iya gina ƙungiya yadda duka ɗaya ba zai kashe ta ba. Ga shawarwari bakwai, kowace ƙungiya ta auna su da halin wurinta, gama mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke yi masa yoyo.

1. A raba asara gida biyu a cikin doka, a rubuce. Akwai asarar da mutum ya jawo wa kansa, kamar wanda ya sayar da takin da aka ba shi ko ya bar gona ga ciyawa. Akwai kuma wadda ta zo daga waje: fari, ambaliya, ƙwari, hari, gudun hijira, rufe kasuwa ko hanya. A zaɓi mutum uku, a sa mace a cikinsu, su riƙa duba gonakin masu bashi tun amfani yana tsaye. Wanda aka tabbatar asararsa daga waje take, a ɗage masa biya zuwa kaka mai zuwa, ba tare da ƙarin ruwa ba, kada kuma a hana shi irin shuka. Wanda aka kashe, ko aka sayar da gonarsa wajen biyan fansa, kada a bi gwauruwarsa da marayunsa da littafin bashi.

2. A kafa asusun mugunyar shekara. A kowace kaka mai albarka kowane ɗan ƙungiya ya zuba wani abu, ko da tiya ɗaya ce cikin ashirin. Daga nan za a cike gurbin bashin da aka ɗage ko aka yafe. A rubuta sarai cewa ba a taɓa shi domin bikin Kirsimati, ko kwanon rufin majami'a, ko karɓar baƙi. Waɗannan duka ayyuka ne masu kyau, amma suna da nasu baiko.

3. Kada a lissafta bashi da naira kaɗai. In an lissafta duka da naira, ran da naira ta faɗi ƙungiya ce za ta ƙare. In an lissafta duka da hatsi, ran da hatsi ya faɗi ba za a iya sayen takin baɗi ba. Babu ma'aunin da ke tsare kowa daga kome. Shawararmu ita ce a raba, rabi da kuɗi rabi da buhu, domin nauyin ya sauka a kafaɗa biyu.

4. Kada a tara dukiya wuri ɗaya. Wani kaso a banki, wani tsaba, wani hatsi, wani dabbobi a hannun 'yan ƙungiya. Shekarar 2023 ta nuna mana haɗarin banki kaɗai da haɗarin ƙarƙashin katifa kaɗai. A ƙetaren iyaka, ƙauyukan Nijar sun daɗe da bankin cimaka, da kuma tsarin ajiye hatsi a sito mai kwaɗo biyu, ɗaya na manoma ɗaya na mai ba da rance, har farashi ya tashi. Tsari ne mai kyau inda akwai zaman lafiya. Amma inda ake kai hari, babban sito guda wanda kowa ya sani kiran ɓarawo ne. A can gwamma a rarraba hatsin a rumbuna da yawa, a kai wani kaso garin da ya fi tsaro. Littafin ƙungiya ma a yi masa kwafi biyu, kada su kwana a gida ɗaya.

5. A rage dogara ga abin da ke zuwa daga nesa. Kowane buhun takin zamani yana ɗauke da rigimar dala da ta jirgin ruwa da ta fetur. Takin gargajiya kuwa yana bayan gida. A tara shi, a haɗa da na zamani kaɗan. A ajiye irin gero da wake masu saurin nuna. A kuma dubi abin da aka yi a ƙasar Maraɗi tun 1983, sa'ad da wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa manoma su daina tumɓuke kututturen itatuwa a gona, su riƙa gyara tohonsu su bar kaɗan su girma. Ana kiran abin sassabin zamani. Ba a sayi kome daga waje ba, ga shi kuwa miliyoyin itatuwa sun dawo gonakin Nijar, suna ba da itacen wuta da abincin dabbobi, suna tare iska.

6. A naɗa mai sauraron labari. Mutum ɗaya mai rediyo, mai hankali, wanda aikinsa shi ne ya kawo wa kowane taro abin da ya ji game da farashi da dokokin gwamnati da hasashen damina da halin hanya. An ba da sanarwar canjin kuɗi wata uku kafin wa'adinsa na fari. Da yawa daga cikin mutanen karkara ba su motsa ba sai da kwanaki suka ƙure. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. A haɗa murya da maƙwabta. Dokar hana fetur a jarka ba ta tambayi addinin mai injin ba. In doka irin wannan ta zo, wasiƙar da ƙungiyar ikkilisiya da ƙungiyar masu albasa da ta masu shinkafa da hakimi suka sa wa hannu tare, suna roƙon a keɓe wa manoman rani wata hanya ta samun mai, ta fi kukan mutum ɗaya nauyi a ofishin ƙaramar hukuma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da waɗansu za su ce

Wani zai ce, in muka buɗe wannan ƙofa, kowane malalaci zai fake da fari. Tsoron yana da tushe. Amma shi ya sa muka ce a duba gona tun amfani yana tsaye, a kuma rubuta sharuɗɗan tun ba a san wanda abin zai faɗa wa ba. A ƙauye ba a ɓoye gonar da ruwa ya ci, ba a kuma ɓoye wadda ciyawa ta ci. Ɗage biya kuma ba yafewa ba ne. Malalaci ya fi samun mafaka inda babu doka, gama can ne yake iya bi ta hannun ɗan'uwansa da ke cikin kwamiti.

Wani zai ce, ai mu masu bangaskiya ne, Ubangiji shi ne mai ciyarwa, yawan tanadi rashin dogara ne. Muna tuna wa 'yan'uwa labarin Yusufu a Littafin Farawa sura 41. Allah ne ya nuna masa yunwa na zuwa, abin da ya yi da sanin kuwa shi ne ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekarun ƙoshi, ya kuma ajiye shi a birane dabam dabam. A Ayyukan Manzanni sura 11 ma, da ikkilisiyar Antakiya ta ji labarin yunwa mai zuwa, sai kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya. Tanadi domin ɗan'uwa aikin bangaskiya ne.

Wani kuma zai ce, mu da abin da muke nomawa ba ya kai mu damina, ina muka ga na ajiya? Gaskiya ne akwai wuya. Amma ƙungiyar da ba ta ajiye tiya a shekarar ƙoshi ba, za ta biya fiye da haka a shekarar yunwa, sa'ad da 'ya'yanta za su tafi wurin mai ba da bashin buhu ɗaya a biya biyu. A fara da kaɗan. Iyayenmu mata da adashensu sun riga sun nuna mana cewa kaɗan kaɗan yakan zama jari.

Akwai kuma magana ta ƙarshe wadda dole mu faɗe ta a fili. Babu ɗaya cikin shawarwarin nan bakwai da zai tare harsashi. Tsaron rai da hanya da kasuwa aikin gwamnati ne, kuma kada wata dabarar ƙungiya ta sa mu daina tuna mata da shi, da ladabi amma ba fasawa. Game da ƙauyukan da suka tara kuɗi suka biya haraji domin a bar su su shiga gona, mu da muke kwana da ido biyu rufe ba mu da bakin hukunta su. Abin da ke wuyanmu shi ne, in sun iso garinmu da tabarma a ka, su sami wurin kwana, da ɗan fegin da za su noma, da irin shuka daga rumbun ƙungiya, ko Kirista ne ko Musulmi.

Aikin da ke gabanku

Muna roƙon kowane shugaban ƙungiya da magatakarda da malamin gona da fasto su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa. A karanta dokar ƙungiya da ƙarfi daga fari har ƙarshe, sa'an nan a yi tambayoyi huɗu. In ruwa ya ɗauke a watan Agusta, me za mu yi? In an rufe kasuwarmu wata uku, ina za mu kai kaya? In kuɗi ya canja ko ya faɗi, me zai rage a asusunmu? In dole ta sa muka bar gari da dare, ina littafinmu, ina irinmu? Duk tambayar da doka ba ta amsa ba, a rubuta amsarta kafin a raba takin baɗi. Ƙungiyar da ta gyara tata, ta aiko mana da abin da ta shirya, za mu buga shi domin waɗansu su amfana.

Ku riƙa tunawa da mutanen Gangara da Sabon Birni da Isa cikin addu'o'inku na safe da na yamma, da waɗanda ke gudun hijira a ƙetare, da masu mulki, domin Allah ya ba su hikima da tsoronsa. Ubangiji ya ba ƙasarmu salama, ya ba mu damina mai albarka. Amin.